Je Ka Taɓa Bangon Da Hannunka

Ka ce tunda kwamfuta ta riga ta lissafa yadda sauti zai zagaya zaure, me zai sa mu taka ƙafa mu je duba ginin? Kai yaro, ka fama mini tsohon miki.

Wani ɗan kwangila ya taɓa kawo mini zanen babban ɗakin taro, yana so na sahun ƙarshe ma ya ji magana tar. Na yanka zauren gida-gida, wato ƙananan akwatuna, a kwamfuta bisa hanyar da Kane Yee ya fito da ita a 1966 don igiyoyin lantarki da maganaɗisu, kafin masu harkar sauti su ara. Kada ka tambaye ni girman gidajen. Wanda bai san ana sa aƙalla gida 10 a tsawon igiyar sauti ɗaya ba, ya nemi wata sana'a. Abin da ba ku sani ba shi ne in ka rage girman gida zuwa rabi, aikin na'ura ya ninka sau 16. Haka na yi ta kwana ina gadinta har na sauko da amsa-kuwwar zuwa kusan daƙiƙa 1, wadda ta dace da magana, bisa sharaɗin a lulluɓe rufi da bangon baya da allunan shanye sauti.

Mutumin nan ya karɓi zane ya yi godiya. Ashe da ya je sai ya soke allunan, ya manna tayil da gilashi don ƙyalli, ya zuba rarar a aljihu. Tayil kuwa kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari kawai yake shanyewa, sauran ya dawo maka da shi. Ranar buɗewa mai jawabi ya faɗi kalma, bango ya maimaita, ta baya ta hau ta gaba, ba wanda ya fahimci komai. Ɗan kwangilar ya dubi masu ginin, ko kunya babu, ya ce lissafina ne ya kuskure. Ya hana ni cikon kuɗina, ya ɓata mini suna, kuma sunan ya fi yi mini ciwo har gobe.

Wallace Sabine malamin jami'ar Harvard ne, amma a 1895 cikin dare ya riƙa jigilar katifun kujeru, yana auna lokacin da sauti ke ɗauka kafin ya mutu, da bututun busa da agogo. Daga wannan wahalar ƙa'idarsa ta lissafa daɗewar amsa-kuwwa ta fito: girman ɗaki sau 0.161, a raba da jimillar abin da ke shanye sauti. Ku yaran yanzu kuna ganin launuka a allo sai ku ɗauka aiki ya ƙare, alhali na'ura abin da ka faɗa mata kaɗai ta sani.

Gobe ɗauki ma'auni ka je kafin su rufe silin. Ka taɓa kowane bango, ka rubuta kayan da aka sa, ɗan kwangila ya sa hannu a gabanka.