An kawo mini tsohon kundin tarihin sarakuna: in saya ko in bari?

Tambaya: Ina sayar da littattafai a Kasuwar Kurmi. Wani ya kawo mini kundi rubutun hannu, ya ce tarihin sarakunan Kano ne na ainihi, yana neman kuɗi masu kauri. In na saya, akwai riba a ciki?

Amsa: Alhaji, kada ka saya da niyyar sayarwa. Dokar Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta 1979 ta sa tsofaffin rubuce-rubucen hannu cikin kayan tarihi, musamman waɗanda aka yi kafin 1918. Ba a yarda kowa ya saye su ba sai wakilin da hukumar ta amince da shi, kuma ba a fita da su ƙasar waje sai da izini. In kundin na gaske ne, doka ta ɗaure maka hannu. In kuma jabu ne, jarinka ya nutse.

Kalmar "na ainihi" ma abin dubawa ce. Tarihin Kano, wanda ya jero sarakuna 48 daga Bagauda zuwa Muhammadu Bello, an harhaɗa shi ne da Larabci a ƙarshen ƙarni na 19, daga labaran baka da tsofaffin jerin sarakuna, sannan malamai suka yi ta kwafa. Duk wanda ya ce maka nasa tun zamanin Rumfa aka rubuta shi, to bai san abin da yake riƙe da shi ba, ko kuwa yana so ya yi maka wayo.

In kana son ka san darajarsa, ɗaga warƙa ɗaya, wato takarda guda daga cikinsa, ka haska ta da rana. Takardar da aka fi amfani da ita a ƙasar Hausa a wancan lokaci daga Italiya take zuwa ta Sahara, kuma sau da yawa za ka ga tambarin jinjirin wata uku a jikinta. Duba ƙasan shafi: mai kwafa kan rubuta kalmar farko ta shafin gaba, da ita ake gane ko warƙa ta ɓace, tunda ba a ɗinke kundayen nan. Duba ƙarshe ko akwai sunan wanda ya kwafa. Takarda mai layi ko launin da aka jiƙa da shayi alama ce ta ƙarya. Amma hukunci na masana ne. Mai kundin ya kai shi Gidan Makama ko Arewa House a Kaduna.

Inda kuɗi yake, a ganina, shi ne bugawa. Sa malami ya fassara maka matanin Larabcin Tarihin Kano da Hausa mai sauƙi, ku yi yarjejeniya a rubuce cewa haƙƙin fassarar naka ne. Kada ka ɗauko fassarar wani da aka riga aka buga, tana da mai ita. Ka yi ƙaramin littafi mai shafi 32 ko 48, domin maɗaba'a na naɗe takarda ne shafi 16-16, shafin da ya yi rara ɓarna ne. Fara da kwafi 500. Haɗa kuɗin fassara, ɗab'i, bango da dako, raba da 500, sannan ka ninka aƙalla sau biyu da rabi, saboda 'yan sari za su nemi ragin kusan kashi ɗaya cikin uku, wasu kuma bashi za su ɗauka.

Wuri biyu ake tuntuɓe. Na farko shekaru: Tarihin Kano tsawon mulkin kowane sarki yake bayarwa, shekarun miladiyya irin 999 na Bagauda lissafin Palmer ne, Baturen da ya fassara shi zuwa Turanci a 1908. Ka bayyana haka a shafin farko, malaman makaranta za su fi yarda da kai. Na biyu, ka tsaya inda kundin ya tsaya, wato kan Bello. Da ka ja jerin zuwa yau, ka shigar da hajarka cikin rigimar sarauta, wasu masu shaguna za su ƙi karɓa.

Ka sa littafin ya fito mako uku kafin Sallah, lokacin da baƙi ke shigowa kallon hawa, sannan ka kai samfuri makarantun sakandare kafin a koma hutu.