Ko Mawaƙin Soul Zai Iya Dawowa Bayan Dogon Hutu?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko mawaƙin soul, wato wani salon waƙa na baƙaƙen fatar Amurka, da ya daɗe ba a ji ɗuriyarsa ba zai iya dawowa da sabuwar waƙa ta karɓu, ko kuwa zamani ya riga ya wuce shi. A ganina yana iyawa, kuma mawaƙiya Sade Adu, wadda aka haifa a Ibadan a 1959, ta isa misali. Bayan kundinta na 2000, ba ta fitar da sabon kundi ba sai a 2010, wanda ya hau matsayi na ɗaya a jerin kundayen da aka fi saye a Amurka, kuma waƙar Soldier of Love ce ta share masa fage a ƙarshen 2009.

Salon soul ya samo tushe daga waƙoƙin cocin baƙaƙen fatar Amurka, inda ake auna mawaƙi da yadda yake ratsa zuciya. Shekaru sukan ƙara wa muryar mace kauri, su rage mata tsawon numfashi, amma sukan ba ta nauyin da ƙuruciya ba ta bayarwa. Ni da na saba sayen kasakasan Sade a Sabon Gari tun ina saurayi, ranar da na fara jin waƙar Soldier of Love a nan Kano, nan take na gane muryar, sai dai ta ƙara natsuwa.