Ajiye Sukudireban Tukuna

Ɗana, na ga saƙonka. Ka ce an kawo shago ƙaramin jirgin ƙasa mai aiki da lantarki, irin wanda Turawa ke shimfiɗa wa layin dogo a kan tebur, sabo fil a kwalinsa. An haɗa layin, an jona wuta, kan jirgin ya ƙi ko motsi, shi ne kake tambaya ko ka kwance shi ka duba moton. Kada ka kwance. Abin da bai taɓa aiki ba da wuya a ce motonsa ne ya mutu, kuma murfin nan da ƙananan haƙoran roba aka maƙale shi. Ka karya guda, mai kaya ya rasa garantinsa, kai kuma ka sayi laifin da ba naka ba. Wutar za ka bi tun daga bango har ƙafar jirgin, inda ta tsaya nan ciwon yake.

Fara da taransfomar. Juya ta ka karanta bayanta. Wutar gidajenmu bolt 230 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100. In ka ga an rubuta 100 zuwa 240, babu damuwa. In kuwa 120 kaɗai aka rubuta, kuma an riga an cusa ta a soket ɗinmu, kai ta hanci ka shinshina, ƙaurin zai gaya maka sauran labarin. Kayan Ingila irin su Hornby ba su da wannan matsalar, har filoginsu irin namu ne.

In taransfoma na da rai, sai ka zauna ka gane wane irin jirgi ne a hannunka, domin a nan mafi yawan rikicin yake. A ido duk kamarsu ɗaya, amma ba wuta ɗaya suke ci ba. Akwai na gargajiya mai DC: layi ɗaya fositif, ɗaya negetif, kana murɗa kwanturola wutar na hawa daga sifili zuwa wajen bolt 12, gudu na ƙaruwa, in ka juya wayoyin ya koma da baya. Akwai mai DCC, wanda kullum layinsa cike yake da wuta, wajen bolt 14 zuwa 16, ko jirgin na tsaye. Umarni ake aikawa ta cikin wutar, wani ɗan allo da ke cikin kan jirgin, dikoda, shi ke karɓa. Kowace dikoda da lambarta, kamar lambar waya, in ka kira wata ba za ta amsa ba. Daga kamfani kusan dukkansu a lamba 3 suke zuwa, don haka 3 za ka fara dannawa. In mai sauti ne, ba shi ɗan lokaci, wasu sai sun gama kwaikwayon tashin inji kafin su ɗaga ƙafa, masu gaggawa kuma su ce ya lalace.

Sai na kamfanin Märklin na Jamus, wanda ya bi tasa hanyar daban. Kifa kan jirgin ka duba cikinsa. In ka ga wani dogon ƙarfe mai santsi a tsakiya tsakanin ƙafafun, to wutarsa daga wasu ƙananan ƙusoshi da ke jere a tsakiyar layi yake shan ta, layukan gefe biyu kuma waya ɗaya ce a wurinsa. Faɗin layinsa milimita 16.5 ne, daidai da na sauran jiragen da ake kiran girmansu HO da OO, shi ya sa zai zauna daram a kan layin wani kamfani, mai saye ya ɗauka sun dace. Amma ba zai taɓa tafiya ba, ƙafafunsa ma haɗe layukan biyu za su yi, kwanturola ta yanke wuta.

Abu ɗaya da nake so ka kiyaye sosai: kan jirgin DC wanda ba shi da dikoda, kada ka bar shi a kan layin DCC. Za ka ji yana wani siririn kuka yana tsaye, moton na ɗaukar zafi. Ɗauke shi nan take, in ba haka ba kwayil ɗin zai ƙone a gabanka.

Yanzu ɗauko mitar awon wuta; gwaje-gwajen da ke tafe na jirgi mai DC da mai DCC ne, ban da na Märklin. Sauke jirgin, ka ɗora tsinke ɗaya a kowane layi. In DC ne, sa mitar a DC ka murɗa kwanturola ka ga lamba na hawa. In DCC ne, sa ta a AC, don a DC kusan sifili za ta nuna maka ka yi zaton babu wuta. Kada ka tsaya a inda waya ta shiga, zagaya da'irar gaba ɗaya. Guntayen layin da wasu 'yan ƙarafa ake sarƙa su, guda ya saki ko ya hau saman layi maimakon ya rungume shi, daga nan wuta ta yanke. In kuma kwanturola na kawowa tana ɗaukewa, cire wayoyinta, ka sa mitar a wurin da take ƙara idan waya ta haɗu, ka gwada tsakanin layukan biyu. In mita ta yi ƙara, nemi ƙusa ko guntun waya da ya kwanta a kai.

Layi lafiya, jirgi shiru? Kwantar da shi rigingine a kan soso, ka samo batir mai bolt 9 da wayoyi biyu, ɗaya a ƙafar dama, ɗaya a ta hagu. In ƙafafun suka juya, moto ƙalau yake, datti ne tsakanin ƙafa da layi. Tsumma mai tsabta da ɗan sifirit sun isa. Ban da samfefa, tana karce layin, ƙura ta samu wurin zama, ga shi ƙurar hunturu ba ta raina ko kwana ɗaya. Ban da fetur kuma, yana cin roba. Amma in mai dikoda ne ya ƙi amsa batir, kada ka yanke masa hukunci, ana iya rufe wa dikoda hanyar karɓar DC.

Duba kwalin ma. In ka ga an rubuta cewa a shirye yake ya karɓi DCC, ma'anarsa gurbin dikodar kawai aka yi masa, ita ba ta ciki, DC ne har yanzu. A gurbin akwai ɗan filogi, galibi mai fil 8 ko 21, da ke haɗa wutar ƙafa da moto. Jijjigar hanya kan sassauta shi, in ya saki kuwa jirgi ya mutu murus. Wannan kaɗai ne dalilin da zan yarda ka buɗe murfi, shi ma sai mai kaya ya amince, kuma da takardar kamfani a gabanka. In mai siffar jirgin gawayi ne, duba 'yar wayar da ta haɗa kan da taragon gawayin da ke bayansa, da yawa daga can suke jan wuta.

In fitila ta kama, moto na gurnani amma ƙafa ba ta juyawa, yanke wuta. Ko guntun soson kwali ne ya shiga giya, ko giris ɗin kamfani ya daskare don daɗewa a sito. Tsinken sakace zai fitar da shi. Mai kuwa ɗigo ɗaya a bakin allura, mai ruwa-ruwa wanda ba ya cin roba, ba baƙin mai ba.

Idan ya tashi, kada ka jera masa taragai nan da nan. Bar shi shi kaɗai a matsakaicin gudu, kamar rabin awa gaba, rabin awa baya, giyoyin su saba da juna. Kana yi kana taɓa bayansa, ɗumi ba komai, amma in ya yi zafin da yatsa ba ya jurewa, tsayar da shi ka kira ni.