Kun Tambaya, Mun Amsa: Sansanin Hutu na Kimiyyar Binciken Laifuka

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar kimiyya ce a Zariya. Na ji a Amurka makarantu da jami'o'i kan tara 'yan sakandare a dogon hutu su koya musu yadda ake binciken wurin da aka aikata laifi. Za mu iya yin irinsa ba tare da kayan aiki masu tsada ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Za ku iya, domin ginshiƙin darasin ba na'ura ba ce. Edmond Locard, wanda ya buɗe ɗakin binciken 'yan sanda a Liyon ta Faransa a 1910, ya kafa ƙa'idar cewa duk wanda ya taɓa abu sai ya bar alama, ya kuma ɗauki wata. Don haka ranar farko kada a taɓa komai. A kewaye wurin da igiya, a ɗauki hoto da ruler a gefen kowace shaida, a sa safar hannu, kowane abu ya shiga ambulan ɗinsa da kwanan wata da sunan wanda ya ɗauka. Yara kan ƙosa da wannan, amma shaidar da ba a san hannun da ta bi ba, lauya zai rusa ta a kotu.

Sai zanen yatsa. A goga bakin fensir a takardar yashi a samu gari mai laushi, ga burushin kwalliya, salatef mai haske da farin kati. Yaro ya shafi goshinsa kafin ya dangwala yatsa a kofin gilashi, saboda hannun da aka wanke yanzu ba shi da maiƙon da gari zai kama. Kuskuren da ya fi yawa shi ne cika gari da dirzawa: garin ya cike tsakanin layukan, sai a samu baƙin tabo kawai. Ɗan kaɗan ake ɗiba, a kaɗe burushin, a wuce a hankali, sannan a manna salatef daga gefe ɗaya don kada iska ta shiga, a ɗaga shi a liƙa a farin katin. A takarda gari ba ya yin kyau, tana tsotse gumin. Ƙwararru wani sinadari mai suna ninhydrin suke sa mata. Idan aka ƙirga siffofin zanen yatsun 'yan aji, za a ga mai lanƙwasa ya fi yawa, wajen kashi 60 zuwa 65 cikin 100 a jama'a, mai da'ira wajen 30, mai siffar baka wajen 5.

Tambaya: Ɗana yana aji biyu na ƙaramar sakandare, ya ce a sansanin hutu za su ciro DNA su kuma gwada jini. Babu haɗari? Daga wani uba a Kaduna.

Amsa: Malam, ka tambayi masu shiryawa kai tsaye: jinin gaske ne? In sun ce e, kada ya je. Ciwon hanta nau'in B da cutar ƙanjamau suna bin jini, shi ya sa sansanin kirki jinin roba yake amfani da shi.

DNA kuwa, wato sinadarin gado da ke cikin ƙwayoyin halitta, daga ayaba ake cirewa a irin wannan sansani. A dama rabin ayaba a leda, a zuba ruwa mililita 100 da aka haɗa da rabin ƙaramin cokali na gishiri da cokali 2 na sabulun wanke kwanuka. Sabulun ke fasa ƙwayoyin halitta, gishirin ya taimaka wa DNA ta dunƙule. A tace da tsumma mai tsabta cikin kofi, a tsiyaya sifirit da ya kwana a firiza daidai yawan ruwan ta jikin kofin. Cikin minti 2 zuwa 3 farin zare zai taso. In bai fito ba, galibi sifirit ɗin bai kwana a firiza ba, ko an girgiza kofin ruwan biyu suka gauraye. Sifirit yana kama wuta, malami ne zai riƙe shi.

Muna roƙon malamai su faɗa wa yara gaskiya: wannan zaren ba ya nuna ko wane ne mai laifi. Hanyar tantance mutum da DNA Alec Jeffreys ya gano ta a Jami'ar Lesta ta Ingila a 1984, kuma aiki ne na cibiyoyi irin wadda Jihar Legas ta buɗe a 2017.