Tambaya da amsa: Gasar tara kuɗi don ɗalibai mabuƙata, za ta yiwu a Jos?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ce ma'ajiyar ƙungiyar 'yan ajinmu da muka gama Jami'ar Jos. Wani ɗan ajinmu mazaunin Amurka ya kawo shawarar mu yi gasa da sauran azuzuwa wajen tara kuɗi don ɗaliban da rajista ta gagara. Wasu sun ce riya ce, wasu sun ce ai ga Nelfund, asusun lamunin ɗalibai na Gwamnatin Tarayya. Yaya ake yin ta, kuma za ta yiwu a nan?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Za ta yiwu, in dai kun gyara mata zama.

A Amurka jami'a kan ware rana guda, galibi awa 24, ta kasa tsofaffin ɗalibanta bisa shekarar gamawa ko tsangaya, a kafa allo a intanet kowa na ganin wa ke gaba. Abin ya ƙara yaɗuwa bayan an fara GivingTuesday, ranar ba da gudummawa ta shekara-shekara, a 2012. Gishirin gasar shi ne alkawarin ninki: wani mai hali ya ce duk abin da aka tara zai ɗora kwatankwacinsa, ko kuma zai saki nasa in masu bayarwa sun kai adadi kaza.

To ga inda na fi so ki kula. Ku ƙirga mutum nawa suka bayar, kada ku ƙirga naira nawa. A ce ajin 1995 akwai ɗan kwangila da zai aiko miliyan biyar daga Abuja yana shan shayi, ajin 2019 kuwa rabinsu har yanzu takardun neman aiki suke rabawa. In naira za a duba, an gama gasa tun ba a fara ba, yaran nan kuma za su yi shiru su zuba ido. Amma in aka ce ajin da ya fi kaso mai yawa na masu bayarwa shi ya ci, ko da dubu ɗaya mutum ya sa, sai ki ga ana buga wa wanda aka rabu da shi tun a harabar jami'a ta Naraguta waya da tsakar dare: "Kai kaɗai ka rage, kada ka ba mu kunya." Dubu ɗayan bana ita ce dubu hamsin ɗin shekara goma masu zuwa, domin hannu ya riga ya saba.

Masu cewa ga Nelfund suna da gaskiyarsu. Tun Mayun 2024 ake cike neman lamunin, yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye, da dubu 20 a wata na kashewa. Sai dai bashi ne, kuma ba ya zuwa ranar da mai gida a Unguwar Rogo ya sa wa ɗakin yaro kwaɗo, ko ranar da kuɗin buga furojet ya tsaya wa 'yar ajin ƙarshe. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kuɗin Keke kaɗai ya isa ya hana ɗalibi zuwa lacca. Irin wannan ɗan giɓin ku ya kamata ku cike.

Batun riya kuwa, aya ta 271 a Suratul Baƙara ta yaba bayyana sadaka, ta kuma ce ɓoyewa ta fi. Sai ku bayyana jimillar aji, ku ɓoye abin da kowa ya bayar. Kuma tunda ajinku na Jos ba zai rasa Musulmi da Kirista ba, kada a cuɗa zakka da asusun gasa. Zakka tana da mutanenta takwas da aka ayyana. Mai son fitar da ita a ware masa hanya daban, da shawarar malamai.

Kuɗin kuma, Hajiya, don Allah kada su shiga asusunki. Na taɓa zama a wata ƙungiya da aka yi haka. Ma'ajin ba ɓarawo ba ne, rashin lafiya ce ta faɗo masa a gida ya taɓa da niyyar mayarwa, kafin wata uku zauren WhatsApp ɗin ko sallama ba a amsawa. Ku yi rajistar amintattu a Hukumar Rajistar Kamfanoni, ku buɗe asusun banki da sai mutum biyu sun sa hannu. In rajista za a biya, ɗalibi ya kawo lambarsa ta biyan kuɗi ta Remita ku biya da kanku, ku tura rasit a zaure an rufe sunan. Hoton yaro riƙe da ƙaton ceki kuwa, ku bar shi. Gobe zai shiga aji da waɗanda suka gani.

Ku sa gasar ƙarshen wata, lokacin da albashi ya shigo, kafin a rufe rajista, kuma kada ta wuce kwana uku. Kafin ku sanar, ki ɗauki mutum biyu ku je gidan wani mai hali na cikinku, ku karɓo alkawarin ninkin a rubuce.