Kada ki taɓa gam a makon farko

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Na ga tambayarki tun jiya da daddare, na bari sai na samu natsuwa. Kin ce yayarki ta zo miki da tsohon kwalin gidan 'yar tsana na kamfanin Greenleaf daga Amurka, ba a taɓa haɗa shi ba, wasu allunan sun ɗan lanƙwashe, yana warin ajiya, kina tunanin ko ki haɗa wa 'yarki mai shekara 4 ko ki haƙura. Ki haɗa shi. Na haɗa irin waɗannan guda huɗu, biyu a lokacin da muke zaune a can, biyu bayan mun dawo gida, kuma abin da zan fi jaddada miki shi ne ki ajiye kwalbar gam a gefe har tsawon mako guda.

Ga dalili. Gidajen Greenleaf da siririn filawud ake yin su, kaurinsa kashi ɗaya cikin takwas na inci, wajen milimita 3 ke nan. Inji ne ya danna siffar kowane bango da taga a jikin allon, ke za ki ɓalle su, sannan kowane yanki yana da ɗan harshe da yake shiga ramin ɗan'uwansa. Katakon da ya shekara talatin ko arba'in a kwali ya bushe ƙarau. An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, to wannan ya wuce nan, in kika matsa masa karyewa zai yi. Ki fito da allunan, ki shimfiɗa su a kan tebur ko daɓen da ba ya sanyi, ki ɗora musu littattafai masu nauyi, su sha iskar ɗakinki kwana biyar zuwa bakwai. Warin zai ragu. Wanda ya ƙi miƙewa, ki goga masa tsumma mai ɗan laima a ɓangaren da ya lotsa ciki, ki mayar da shi ƙarƙashin nauyi. Kada ki kai su rana.

A cikin wannan makon ne za ki yi ƙirga. Akwai takardar da ke nuna zanen kowane allo da lambarsa da sunan kowane yanki. Ki zauna da fensir, ki rubuta sunan kowane yanki a jikinsa tun bai bar allon ba, domin da zarar sun zube a tebur duk kama suke yi da juna. Ki ɗauki hoton takardun bayanin da wayarki yau ɗin nan, tsohuwar takarda a wajen ninki take fara yagewa. Idan wani yanki ya ɓata ba abin tashin hankali ba ne, ramin da ya bari a jikin allon shi ne ma'auninsa, ki zana shi a wani filawud ɗin, kafinta zai yanka miki. Saboda haka ma kada ki zubar da ragowar allunan sai kin gama gidan.

Wajen ɓallewa, ki bi layin da reza mai kaifi ta bayan allon kafin ki tura da yatsa. Tsohon filawud yana tsagewa, fatar samansa ta ɗago. Inda ta ɗago, ki tura ɗan gam da tsinken sakace, ki danne.

Bari in gaya miki abin da ya same ni a gidana na farko. Na saye shi a wani gida da ake sayar da kayan wata tsohuwa bayan rasuwarta. Kwalin yana ɗakin ƙasa, an ɗaure shi da igiya, a ciki na tarar da 'yan ƙyallayen da ta yanka ta ninke don labule, har da allura a soke. Ta yi niyya, Allah bai nufa ba. Wannan ya sa na ƙagu in ga gidan a tsaye. Na shafa wa bangon gaba fenti a fuska ɗaya na kwanta, da asuba na tarar ya nannaɗe kamar busasshen ganye. Fuskar da ta sha ruwan fenti ta kumbura, ɗayar tana nan a bushe. Kwana tara ina fama da shi kafin ya koma daidai. Tun daga ranar duk abin da zan shafa, fuska biyu nake shafa wa a zama ɗaya, kuma sila nake fara sawa, irin wadda kafintoci ke shafawa kafin fenti. A wajenmu wannan ya fi zama dole, domin katako yana kumbura da damina ya tsuke da hunturu. Ki bar 'yan harsunan nan da ramukansu ba fenti, in ba haka ba ba za su shiga juna ba.

Kafin gam, ki tayar da gidan gaba ɗaya da salatif na takarda. A nan za ki ga ramin da ya yi ƙunci, ki buɗa shi da samfefa a hankali. A nan kuma za ki gane lungunan da hannunki ba zai kai ba in an rufe, musamman bayan matakala da ƙarƙashin rufi, sai ki yi musu fenti ko ki manna takardar bango tun suna a shimfiɗe. Farin gam na kafintoci ya wadatar. Gam ɗin bindiga da ake narkarwa ban yarda da shi a jikin bango ba ko da takardar ta ambace shi, yana barin tudu a mahaɗa kuma zafi na sa shi ya saki. Giɓin da ya rage, ki kwaɓa garin katako da gam ki cike.

Ma'aunin gidan shi ne 1:12, wato inci ɗaya a madadin ƙafa ɗaya. Shi ne ma'aunin gidan 'yar tsanar Sarauniya Mary da ke fadar Windsor a Ingila, wanda mai zanen gine-gine Edwin Lutyens ya zana aka kammala a 1924. 'Yar tsanar Barbie ba za ta shiga ba, ita 1:6 ce, kayan gidan 'yar tsana na kamfanin Lundby na Suwidin kuma sun yi masa ƙanƙanta. Idan yayarki za ta sake aiko miki da wani abu, ta nemi ƙananan kwalayen kujeru da gadaje masu suna The House of Miniatures waɗanda kamfanin X-Acto ya riƙa sayarwa, har yanzu ana samun su a eBay, kasuwar intanet, ba a buɗe ba. Ni a wurina sun fi gidan kansa daɗin haɗawa. Sai dai ki shafa musu kalar katako kafin gam, domin duk inda gam ya taɓa kala ba ta kamawa. Tsohon gam da fentin da kika tarar a kowane kwali ki zubar. Idan kuma wani ya riga ya fara yi wa wani yanki fenti da daɗewa, ki yi hattara da ƙurarsa, sai a 1978 Amurka ta hana sa dalma a fentin gida.

Maganar 'yarki kuwa, gaskiya wannan gidan bai dace da hannun mai shekara 4 ba. Sandunan baranda sirara ne, tagogin leda ce, akwai ƙananan abubuwan da za ta iya kaiwa baki. Ki bar ta ta zaɓi launin ɗakuna, ta riƙe miki salatif, amma ki ɗora gidan a sama, nesa da bango saboda gara, har ta ƙara wayo. Idan kina son sa fitilu, 'yan ƙwayayen na wuta mai ƙarfin bolt (volt) 12 ne, kuma taransifomar da ke zuwa daga Amurka ta wutar 110 zuwa 120 ce, tamu ta kai 230, tana shiga soket za ta ƙone. Ni masu batir nake sawa yanzu.

Ki turo hoton gefen kwalin da takardar zanen allunan, in ga wane samfuri ne, sai in gaya miki bangon da za ki fara tsayarwa.