Hukuncin Cin Tarar Ɗan Haya Idan Ya Yi Jinkirin Biya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da gidan da nake bayarwa haya, kuma da kuɗinsa nake ciyar da iyalina. A takardar da muka sa wa hannu da wani ɗan hayata akwai sharaɗin cewa duk watan da ya yi jinkiri za a ƙara masa kashi 5 cikin 100 na abin da ake bin sa. Yanzu ina bin sa kuɗin wata 4, wa'adinsa ya cika wata 2 da suka wuce, bai tashi ba, yana cewa an sallame shi daga aiki. Wani abokina ya ce akwai malaman da suka halatta wannan tarar. Shin zan iya karɓarta? Kuma ya halatta in kulle ɗakin da kayansa a ciki har sai ya biya?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, haƙƙinka a kan kuɗin hayar wata 4 tabbatacce ne, babu saɓani a kansa. Tarar ce ba ta halatta gare ka ba, domin da zarar lokacin biya ya yi kuɗin haya ya zama bashi a wuyan ɗan haya, ƙari a kan bashi saboda tsawon lokaci kuwa shi ne ribar jahiliyya da Alƙur'ani ya haramta, wadda mai bin bashi yake cewa ko ka biya ko ka ƙara. Sa hannun da ya yi bai halatta ta ba, kamar yadda yardar mai ba da riba ba ta taɓa halatta ta ga mai ci ba. Sharaɗin ɓatacce ne, sai ka soke shi daga takardun sauran 'yan hayarka.

Abin da abokinka ya faɗa yana da asali. Marigayi Sheikh Mustafa az-Zarƙa yana ganin za a iya tilasta wa mawadacin da yake taurin bashi ya biya diyyar cutarwar da ya jawo, yana kafa hujja da hadisin da ya ce jinkirin mawadaci zalunci ne, da wanda ya ce taurin bashin mai hali yana halatta taɓa mutuncinsa da yi masa uƙuba, yana kuma kwatanta shi da wanda ya ƙwace dukiyar wani ya hana shi amfaninta. Wannan ra'ayi ne mai rauni. Magabata irin su Sufyan sun fassara uƙubar da ɗauri a hannun alƙali, kuma taurin bashi tsohon abu ne da alƙalan Musulunci suka yi ta hukunci a kansa tsawon ƙarnuka ba tare da sun ɗora wa mai shi ƙarin kuɗi ba. Ƙiyasin da aka yi da ƙwace ma bai tsaya ba, domin abin da ake biya a kan gidan da aka ƙwace ladan amfaninsa ne, gida kuwa ana ba da shi haya, alhali kuɗi ba a ba da su haya, ribar da mai su yake cewa ta wuce shi zato ce kawai, da ya juya su wataƙila ma hasara zai yi. Al-Haɗɗab, malamin Malikiyya, ya faɗa a littafinsa Tahrirul Kalam cewa idan wanda ake bi ya ɗaukar wa kansa biyan wani ƙari ga mai bin sa in bai biya a kan lokaci ba, to babu saɓani a kan ɓacinsa, domin riba ce ƙarara. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ma, a zamanta na Riyad a shekarar 2000, ta halatta sharaɗin tara a cinikayya amma ta cire duk inda abin da ke wuyan mutum bashi ne.

Sai dai akwai maganar da ka faɗa a taƙaice, wadda ta fitar da mutuminka daga wannan saɓanin gaba ɗaya, ita ce an sallame shi daga aiki. Az-Zarƙa da kansa a kan mai hali yake magana. Idan ka bincika ka tabbatar ba shi da abin biya, to aya ta 280 a Suratul Baƙara ta wajabta maka jinkirta masa bashin har ya samu sauƙi. Ka lura, bashin za ka jinkirta, ba a ɗora maka ci gaba da zaunar da shi ba. Wa'adi ya cika, kana da ikon neman gidanka, kuma watanni 2 da ya ƙara kana da ladan zamansu gwargwadon abin da ake biya wa irin ɗakin. Idan za ku sabunta haya kana iya sa sabon farashi, amma kada ka cusa tarar a cikinsa da wani suna, domin Allah ya san abin da ka nufa.

Kulle ɗaki da kayansa kuwa kada ka yi, haka cire ƙofa ko rufi ko yanke masa ruwa da wuta. Kayansa ba jingina ba ne a hannunka tunda bai ba ka su a kan haka ba, kuma duk abin da ya ɓace ko ya lalace bayan ka kulle, kai za ka biya. Dokokin ƙasashe da dama suna hana mai gida fitar da ɗan haya da ƙarfi, sai ka ga mai bin bashi ya koma wanda ake ƙara. Ka ba shi takardar sanarwar tashi bisa wa'adin da dokar inda kake ta tanada, in ya ƙi ka kai gaban alƙali.

Na fahimci cewa kai ma iyali ke gare ka, jinkirin nan yana cin ka. Shawarata ita ce ku zauna a gaban shaidu biyu ku rubuta adadin bashin, ya riƙa biya kaɗan kaɗan, ku sa ranar da zai miƙa makulli. Idan kana riƙe da kuɗin ajiyar da ya bayar saboda ɓarnar gida, ku yi yarjejeniya a cire wani ɓangare na bashin daga ciki, amma kada ka lissafa masa dusashewar fenti da tsufan gini, domin ɗan haya ba ya biyan sai abin da ya lalata da ganganci ko sakaci. Nan gaba kuma ka nemi mai tsaya wa duk wanda za ka ba wa haya, ko ka karɓi kuɗin tun kafin ya shiga, dukansu sun halatta. Wallahu a'alam.